Yadda Za Ka Gane Gaskiyar Gejin Mai a Ƙaramin Jirgin Ruwa

Zurfin mai kawai geji ke aunawa, bai san lita ba. A cikin tanki akwai fulot da ke yawo a saman fetur, maƙale da ɗan hannun ƙarfe; idan ya yi ƙasa, allura ta bi shi. Tankin da aka ƙera ya bi siffar cikin jirgi kuwa faɗi gare shi a sama, ƙasansa a tsuke. Saboda haka idan allura ta nuna rabi, man da ya rage bai kai rabi ba. Shi ya sa rabin farko ke daɗewa, na biyu ya tafi kamar tankin ya huje.

Zaman jirgin ma na ruɗa shi. Da ka ba inji wuta, hancin jirgi ya ɗaga, mai ya gangara baya. Idan fulot na can, sai geji ya ƙara maka abin da babu. Ka riƙa duba shi jirgi na tsaye, ruwa a kwance.

Gyaran farko ba ya cin ko sisi. Zuƙe tankin tas, jirgi na kan ruwa da kayan da ya saba ɗauka. Zuba lita 10, jira allura ta natsu, yi alama a gefen gejin ka rubuta adadin. Ƙara wasu 10, haka har ya cika. Sa'ilin nan ka tsoma busasshen sanda mai tsabta ta bakin tanki, idan bakin a miƙe yake, kana yi wa sandan tsaga a kowane mataki. Ka cire litocin ƙarshe daga lissafi, domin bututun da ke jan mai ba ya taɓa gindin tanki, kuma can ruwa da datti ke kwanciya.

Idan allura ta kafe ko tana tsalle, koma kan waya. Tsari biyu ne suka fi yawa a kasuwa, kuma da ohm, wato ma'aunin turjiyar wutar lantarki, ake bambanta su: fulot na Amurka yana ba da ohm 240 tanki ba komai, 33 a cike, na Turai 10 ba komai, 180 a cike. Haɗa gejin wannan da fulot na wancan, allura ta yi tafiyar baibai. Cire kan batir, fito da fulot, sa masa mitar auna ohm, ɗaga hannun ƙarfen a hankali. Ya kamata lambar mita ta riƙa sauyawa ba yankewa. Idan ta ɓace a wani wuri, fulot ya lalace, sai sabo. A tsarin Amurka tsatsa a mahaɗin waya na rage abin da geji ke nunawa, don haka kankare mahaɗin kafin ka kashe kuɗi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, cikin jirgi yake taruwa: ba sigari, ba tartsatsi.

Masu kwalekwalen inji a Yauri da tafkin Kainji galibi tankin ɗauka na lita 25 ko jarka suke aiki da shi, kuma agogo ya fi ɗan gejin tankin amfani. Injin doki 40 mai cakuɗa fetur da baƙin mai yana shan lita 15 zuwa 20 a awa idan an ƙure shi. Auna naka: cika tanki, yi tafiyar awa guda da lodi, sake cikawa ka ga nawa ya ci. Sannan kasa man uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Idan dawowar gaba da ruwa ce ko da iska, ƙara wa kason dawowa.