Darasi na 7: Ka Haɗa Kwamfuta, Ta Ƙi Tashi

Ka gama haɗa kwamfuta da hannunka, ka danna makunni, ita kuwa ta yi tsit. Kada hankalinka ya tashi. Sabbin kaya ba su cika zuwa a lalace ba. Mafi yawan lokaci, wata waya ce ba ta shiga ba, ko wani sashe bai zauna daram a mazauninsa ba. Abin da ake bukata shi ne natsuwa da bin sawu.

Kafin ka sa hannu cikin akwatin kwamfuta, zare wayar wuta daga bango. Danna makunnin gaba ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka, domin wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya ƙona ƙananan sassa. Sannan ka riƙe wannan doka da kyau: abu ɗaya ake gyarawa, a gwada, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi, bai san abin da ya tashe ta ba.

Idan babu motsi ko kaɗan

Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. Wannan maganar wuta ce, saboda haka ka fara daga bango. Jona wani abu a soket ɗin ka ga ko da wuta. Duba bayan na'urar wuta, wato wadda ke raba wa sassa lantarki: tana da makunninta na kanta, mai alamar I da O. A gefen I ake barin sa.

Daga nan ka leƙa madabod, wato babban faifan da ake jona duk sassa a jikinsa. Wayoyi biyu ne ke kai mata wuta. Akwai babba mai rami 24, akwai kuma ƙarama mai rami 8 da ke shiga can sama kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Babbar tana da tauri. Tallafi madabod ɗin da yatsa, ka danna har maɗaurin gefe ya kama. Ƙaramar ita ce masu koyo suka fi mantawa. Ka kuma kula, wayar katin hoto, wato sashen da ke aika hoto zuwa allo, ita ma rami 8 gare ta, amma ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka rubuta wa CPU, mai rabuwa 4 da 4, ita ce ta furosesa. Wadda aka rubuta wa PCIe, mai rabuwa 6 da 2, ta katin hoto ce. In waya ta ƙi shiga, kada ka tilasta mata.

Saura makunnin gaba. Siririyar waya ce ke haɗa shi da madabod, an rubuta mata POWER SW. Tana zama a kan 'yan filoli biyu, wato siraran ƙarafa masu kama da allura, cikin jerin wasu masu kama da su, shi ya sa ake yawan kuskure. Buɗe littafin madabod ɗinka ka ga hoton wurin. Akwai gwaji mai sauƙi: cire wayar, mayar da wuta, ka taɓa filolin nan biyu tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In kwamfuta ta tashi, laifin makunni ne ko wayarsa. Ka tabbata filolin biyu kaɗai ka taɓa.

Gargaɗi na musamman: kada ka taɓa buɗe cikin na'urar wuta. Tana riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare ta. Kada kuma ka sa mata wayoyin wata na'urar daban don kawai bakinsu ya shiga, domin tsarin cikinsu yakan bambanta, kuma hakan yana ƙona kaya.

Idan fanka na juyawa amma allo baƙi ne

A nan ne aiki ya fi yawa. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, takan fara duba kanta: furosesa, ram (wurin riƙe bayanai na wucin gadi), katin hoto, sannan ma'ajiyar bayanai. Inda ta sami matsala, nan take tsayawa. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu suna CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (katin hoto) da BOOT (ma'ajiyar bayanai). Fitilar da ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda za ka duba. Wasu kuma ƙara suke yi, in an jona musu ƙaramar sifika, kuma ma'anar ƙarar tana cikin littafinsu.

Fara da wayar allo. In kwamfutarka tana da katin hoto, a jikin katin ake jona wayar, ba a ramin madabod na sama ba. In babu kati, sai ka tabbatar furosesarka tana iya fitar da hoto da kanta. Na Intel masu harafin F a ƙarshen lamba ba sa iyawa. Haka ma yawancin Ryzen 5000 na AMD, in ban da masu harafin G. Mutum yakan wuni yana kwance kaya, alhali kuwa kati kawai yake bukata.

Sai ram, wadda a ganina ta fi kowane sashe wahalar da sabon mai haɗi. Tana iya yin kamar ta zauna, amma gefe ɗaya bai shiga ba. Cire ta, daidaita tsagar jikinta da ta ramin, danna gefe biyu da ƙarfi har ka ji ƙas. In ramuka huɗu ne kuma ram biyu gare ka, yawancin madabod suna son na biyu da na huɗu daga furosesa, wato A2 da B2. In har yanzu shiru, bar guda ɗaya kaɗai ka gwada, sannan ka musanya ta da ɗayar. Ram iri-iri ce: ta DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, don tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Kuma kwamfuta mai DDR5 takan ɗauki 'yan mintoci allo baƙi a tashin farko, tana daidaita kanta da ram. Ba ta lokaci kafin ka kashe.

In fitilar CPU ce ta tsaya, sake duba waya mai rami 8. In tana nan lafiya, cire fankar furosesa, ɗaga furosesar a hankali. Akwai alamar kusurwa uku a jikinta da jikin mazauninta, dole su dace. Duba filoli a wuri mai haske, ko wani ya lanƙwashe. A mazaunin furosesa irin AM4 filolin suna jikin furosesa, a irin AM5 da LGA1700 kuwa suna jikin madabod. Wani lokaci kuma komai lafiya, sai dai furosesar ta fi BIOS sabunta, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Wasu madabod suna da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filashi ko da kwamfutar ba ta tashi ba.

Za ka iya kuma goge saitin BIOS. Zare wuta, cire ƙaramin batir na jikin madabod mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, jira kamar minti 5, ka mayar.

Idan ta tashi ta sake mutuwa

Duba zafi da haɗuwar wuta, wato ƙarfe ya taɓa inda bai kamata ba. Ƙasan fankar furosesa yakan zo da leda manne, dole a ɓare ta kafin a ɗora. Wayar fankar kuma a CPU_FAN take zama. Sannan ka tuna 'yan ƙafafun ƙarfe da ke ɗaga madabod daga jikin akwati. Ɗaya da ya zauna inda babu ramin sukuru, ko sukuru da ya faɗa baya, ya isa ya haɗa wuta.

In duk wannan bai yi ba, fitar da madabod ka ɗora a kan kwalinta. Bar furosesa da fankarta, ram ɗaya, na'urar wuta da allo, da katin hoto in ana bukatarsa. In ta tashi a haka, sai ka riƙa mayar da sauran sassa ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa, har mai laifin ya bayyana. In ba ta tashi ba, ari ram ko na'urar wuta mai aiki ka gwada. Ajiye rasit da kwalaye, domin da su ake mayar da sashen da ya zo a lalace.

Aikin gida

Buɗe littafin madabod ɗinka. Nemo hoton filolin makunnin gaba, ka zana shi a takarda, ka yi alama a kan biyun da POWER SW ke zama. Sannan ka rubuta ramukan da littafin ya ce a fara sa ram a cikinsu, ka zo da takardar aji na gaba.