Yadda Ake Auna Ruwan Sama a Gona, a Haɗa Shi da Hasashen Hukumar Yanayi

Kowace shekara, wajejen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina. A ciki akwai ranar da ake sa ran ruwa zai zauna, ranar da zai ɗauke, tsawon daminar da yawan ruwan da za a samu, jiha bayan jiha har zuwa ƙananan hukumomi, kuma ana fassara taƙaitaccen bayaninsa da Hausa. A Nijar, hukumar yanayi ta ƙasa ce ke wannan aiki tare da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi, ruwa da noma da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel. Dokar da ta kafa NiMet ta 2003 ce, amma aikin ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake rubuta ruwan Legas, na Kano kuma tun farkon shekarun 1900. Waɗannan tsofaffin rajistoci ne ginshiƙin hasashen, domin da su ake sanin abin da wuri ya saba samu.

Sai dai tashoshin hukuma kaɗan ne, kuma da yawansu a filayen jirgin sama suke, tun da kula da lafiyar tashi da saukar jirage na cikin manyan ayyukanta. Ruwan ƙasar Hausa kuwa na hadari ne da ke tasowa daga gabas, ya zuba a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Gona biyu masu tazarar kilomita 5 na iya samun bambancin da zai sa ɗaya ta yi shuka ɗaya ta zauna jira. Hasashen hukuma yana faɗin yadda daminar yanki za ta kasance, ma'aunin da ke cikin gona shi ke faɗin abin da ya sauka a ƙasar da za a shuka. Duk wanda zai yi aiki da na farkon yana buƙatar na biyun.

Da milimita ake auna ruwan sama, kuma zurfi ake nufi. Milimita 1 ita ce lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan milimita 20 ya zuba lita 200,000 ke nan a hekta.

Ma'aunin da tashoshi suka gada daga Turawan Ingila yana da baki mai faɗin milimita 127, da mazurari a ciki, da kwalbar tara ruwa, da gilashin awo mai zane. Wanda ya samu irin wannan, ko na roba mai zane da ake raba wa manoma, ya huta. Wanda bai samu ba zai iya haɗa nasa, kuma hanya biyu ce.

Ta farko gwangwani ne miƙaƙƙe, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shafe yake, zurfinsa ya kai santimita 20 ko fiye. A yanke leɓen da ya lanƙwaso ciki, bakin ya zama da kaifi. Bayan ruwa sai a tsoma rula a tsaye a karanta inda ya jiƙa. Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Yawancin rulolin makaranta sifirinsu ba a bakin rular yake ba, akwai rarar milimita 3 zuwa 5, don haka sai a yanke rarar ko a riƙa ƙara ta a lissafi. Na biyu shi ne amfani da bokiti ko roba mai buɗaɗɗen baki da tsukakken gindi. Irin wannan yana tara ruwan fili mai faɗi a wuri ƙarami, sai zurfin ya wuce na gaskiya, mutum ya ɗauka ruwan shuka ya samu alhali bai kai ba.

Hanya ta biyu ta fi daidai, musamman ga ƙaramin ruwa. A samu mazurari mai zurfi, a zura shi a bakin jarka, a toshe gefen da roba don kada ruwa ya shiga ta wani wuri, kada kuma rana ta shanye na ciki. A auna faɗin bakin mazurarin daga ciki zuwa ciki, ta fuska biyu, domin na roba yakan lotse. Rabin faɗin a ninka shi da kansa, sannan a ninka da 3.14, a raba da 10. Abin da ya fito shi ne yawan mililita da ke daidai da milimita 1. Mazurari mai faɗin santimita 16: 8 sau 8 ya ba da 64, sau 3.14 ya ba da 201, a raba da 10, kusan mililita 20 ke nan. Idan aka juye ruwan jarka aka samu mililita 460, ruwan milimita 23 aka yi. Babban sirinji daga kemis ko kofin awon magani mai zane ya isa a auna da shi. A kula da awon bakin nan sosai, don a kansa komai ya rataya: in faɗin 15 ne aka ɗauka 16, kowane awo na shekarar zai ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari. Jarkar kuma ta kai lita 4 ko 5. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi za ta cika a milimita 75 da wannan mazurari, kuma a watan Agusta dare ɗaya na iya wuce haka.

Wurin kafawa ya fi kayan muhimmanci. Ƙa'idar masana ita ce nisan ma'auni daga kowane abu mai tsawo ya kai ninki biyu na tsawon abin, in da hali ninki huɗu. Darbejiya mai mita 10, a nisance ta da mita 20 aƙalla, 40 ya fi. Haka katanga, rumbu da ɗaki. Bishiya tana tare ruwan da iska ta karkato da shi, ko ta ɗiga nata a ciki. Kada a ɗora a kan rufi ko tudu mai iska, saboda iska tana kaɗa ɗigon ruwa ya tsallake bakin, awo ya yi ƙasa. A tashoshi masu shinge bakin ma'aunin yana santimita 30 daga ƙasa. A ƙauye, inda awaki da yara ke yawo, ya fi a kafa turke mai ƙarfi a ɗaure shi bakin ya kai kamar mita 1, kuma bakin ya ɗara kan turken. Ya zauna daidai, kada ya karkata. A cika gwangwanin da ruwa har baki a duba: in ya fara zuba ta gefe ɗaya, a gyara. Wani abin da ake mantawa shi ne gero da dawa. Filin da yake fayau a Yuni, zuwa Agusta kara ya wuce tsawon mutum ya rufe ma'aunin. A bar da'irar mita 4 zuwa 5 babu dogon amfani, a sa wake ko gyaɗa a wurin.

Karatu sau ɗaya ne a yini, da safe, a lokaci guda kullum, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Abin da aka samu da safiyar Talata a rubuta shi a ranar Litinin, don ruwan awa 24 da suka wuce ne, kuma haka tashoshi ke yi. A ajiye gilashin awo a wuri shimfiɗaɗɗe, ido ya yi daidai da saman ruwan, a karanta ƙasan lanƙwasar da ruwan ke yi. A rubuta kafin a zubar. Ranar da ba ruwa a sa 0. Ranar da ba a duba ba a ja layi, kada a sa 0, domin sifirin ƙarya yana ƙirƙiro farin da ba a yi ba. In an yi kwana uku ba a je ba, a rubuta jimillar a nuna cewa ta kwana uku ce. Yayyafin da bai taru ba a rubuta "ɗigo". Ƙanƙara a bari ta narke a auna. Raɓa ba ta shiga lissafi. Littafi mai layi da biro sun wadatar, shafi ɗaya wata ɗaya, a riƙa haɗa jimilla duk kwana 10, tun da a kan kwana goma-goma hukumomin yanayi ke fitar da rahoton noma, sai kwatantawa ta yi sauƙi. Sau ɗaya a mako a duba mazurari, ganye da gidan zanzaro na toshe shi.

Babban amfanin wannan littafi shi ne ranar shuka. Ruwan farko yana yaudara. Iska mai laima daga kudu maso yamma tana turo busasshiyar iskar arewa maso gabas sannu a hankali, kuma a farkon damina iyakar da ke tsakaninsu tana gaba tana baya. Shi ya sa ake samun ruwa mai kyau a Mayu, a yi shuka, sannan sama ta washe mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Masu bincike a cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun tsayar da ma'auni ga ƙasar gero: damina ta zauna idan bayan 1 ga Mayu aka samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko ma'aunin gona ke ba da shi. Rabi na biyu gaibu ne a ranar shuka, kuma nan ne hasashe ke shigowa. In milimita 20 ta samu kusa da ranar da hukuma ta ce ruwa zai zauna a ƙaramar hukumar, kuma hasashen kwana uku yana nuna ƙarin hadari, a ɗauki sungumi. In ta zo mako uku kafin ranar, a yi hattara: a shuka wani ɓangare na gonar da gero, wanda irinsa ke da araha kuma yake jure ƙishi, a riƙe masara, gyaɗa da iri mai tsada.

Lamba ba ta hana tona ƙasa. A jigawa busasshiya milimita 1 tana jiƙa kamar santimita ɗaya ko sama kaɗan, don haka milimita 20 za ta kai laima kusan taƙi guda. A ƙasa mai laka ba ta kai haka, kuma in ruwan ya zo da ƙarfi cikin rabin awa, da yawansa gudu yake yi. A tona da hannu a wurare uku a gani. A tuna kuma cewa a Mayu da Yuni rana da iska na iya ɗauke milimita 6 zuwa 8 a yini daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, saboda haka ruwan milimita 8 da safe, zuwa gobe labari ne. Masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, irin wannan ƙaramin ruwan ne abokin gabarsu: ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba.

Daga nan sai lissafin tsawon damina. A ce hasashe ya ba da 20 ga Yuni farawa, 30 ga Satumba ɗaukewa, kwana 102 ke nan. In ma'aunin gona bai nuna ruwan shuka ba sai 10 ga Yuli, saura kwana 82. A ƙasashen Sahel ranar ɗaukewa ba ta cika motsi kamar ranar farawa ba, don haka jinkirin farko ba kasafai ake rama shi a ƙarshe ba. Dawa mai kwana 120 ba ta da wuri a wannan lissafi, sai a koma ga gero ko wake mai saurin nuna, a tambayi malamin gona irin da ke akwai.

Kalmomin hasashen ma suna son fahimta. "Daidai da yadda aka saba" na nufin kusa da matsakaicin shekara 30, wanda yanzu ake ɗauka daga 1991 zuwa 2020. Abin da aka saba kuwa ya bambanta: Zariya tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, Yamai ɗari biyar da wani abu, Damagaram ƙasa da haka. Hasashen yankin Sahel yakan zo da lambobi uku, misali 45, 35, 20, ma'ana yiwuwar ruwa sama da na kullum, daidai, ko ƙasa. Ko a wannan misali akwai yiwuwar ɗaya cikin biyar cewa ruwan zai gaza, kuma jimilla mai yawa ba ta hana ɗaukewar ruwa na kwana 15 a tsakiyar Yuli. Sashen da ke maganar tsawon ɗaukewar ruwa ya cancanci a karanta shi kafin na jimilla. Mazauna fadama da bakin kogi su haɗa da hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, ke fitarwa kowace shekara, domin ruwan da ke cinye gonar Hadeja ko Argungu sau da yawa a can saman kogi ya sauka, ma'aunin gona bai gan shi ba.

A tsakiyar damina littafin yana taimakawa wajen taki da feshi. Yuriya tana son ƙasa mai laima, a binne ta kusa da gindin shuka. A busasshiyar ƙasa tana tashi a iska, in kuma ruwan milimita 40 ko 50 ya biyo bayanta nan take, a jigawa wanke ta yake yi zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kai. Kwana ɗaya bayan ruwa mai matsakaicin yawa, ranar da hasashe bai nuna hadari mai ƙarfi ba, ita ce ta dace. Maganin feshi kuma yana buƙatar awoyi babu ruwa kafin ya kama, adadin yana rubuce a jikin kwalba. In an ce ruwa zai daɗe bai ɗauke ba, a tanadi tamfol da rumfa tun kafin cirar gyaɗa da wake, don gyaɗar da ta jiƙe a tari tana yin fumfuna mai guba.

Ƙungiyar manoma ko makaranta da ta riƙe rajista shekara uku zuwa biyar ba tsallake za ta fara ganin ko ƙauyenta yana riga ranar hasashe ko yana bin bayanta, da kwana nawa. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen wata, saboda gara da ruwa na cin littafi, a kai kwafi ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma ko tashar yanayi mafi kusa, tare da sunan ƙauyen, faɗin bakin ma'aunin, tsawonsa daga ƙasa da lokacin da ake karantawa.