Yadda ake saka makullin lantarki mai rimot a ƙofar shago ko sito a ƙauye

Idan aka fasa shago a ƙauye, abin da ake fara nuna wa masu zuwa jaje shi ne kwaɗo a ƙasa an datse masa wuya, ko kunnen ƙofar da aka rataya shi an ɓanɓare da ƙarfe. Kwaɗo komai girmansa a waje yake, kuma ɓarawo yana da dare guda cur da zai yi aiki a kansa. Makullin lantarki mai rimot ta ciki yake zama. Wanda ya zo da zarto ko almakashin yanka rodi ba zai ga abin da zai kama ba. Wannan shi ne amfaninsa na gaskiya, ba burgewar danna maɓalli ba. Mai kemis, mai POS, mai shagon cajin waya, da wanda ya jibge riɗi ko zoɓo ko shinkafa a sito bayan kaka, duk abin ya shafe su.

Sai dai yawancin makullan nan an ƙera su ne don garuruwan da wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa a Kano da Jigawa, akwai garin da wayar KEDCO ba ta ma je ba, akwai wanda ta je amma sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallin wuta ba. Saboda haka aikin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake matakin farko da na biyu ya yi asarar kuɗinsa.

Mataki na farko: fara da ƙofar, ba da makullin ba

Ka tsaya a waje ka dubi ƙofarka da idon wanda yake son shiga. Ka kama ƙyauren ka jijjiga. Idan firam ɗin yana motsi a jikin bango, ka ajiye maganar rimot tukuna. A ginin ƙasa firam yakan zauna ne a kan 'yan ƙusoshi da yaɓe, ƙafa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta fitar da shi gaba ɗaya da makullinsa. A nemo magini ya tayar da ginshiƙin bulo da siminti a gefe biyu, mai walda ya fitar wa firam ɗin ƙafafu na rodi, uku a kowane gefe, a binne su cikin kankare.

Sannan hinji. Yawancin ƙofofin shagunanmu waje suke buɗewa, hinjinsu yana waje, ana iya yanke shi ko a ɗaga ƙyauren sama a zare. Maganinsa mai sauƙi ne: a like guntayen rodi biyu a gefen ƙyauren ta ɓangaren hinji, a huda musu rami a firam, yadda idan an rufe ƙofa za su shige ciki. Ko an yanke hinjin, ƙyauren ba zai fita ba. Idan ƙofar mai ƙyaure biyu ce, ɗaya ya samu sakata sama da ƙasa ta ciki, kuma a like falan ƙarfe a kan tsagar da ke tsakaninsu don kada a samu inda za a zura ƙarfe a ɓanɓara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ɗaga kai kuma ka dubi rufi da taga, domin kwanon da babu silin ko raga a ƙarƙashinsa shi ma ƙofa ce.

Mataki na biyu: zaɓen irin makullin

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a kai.

Akwai makullin maganaɗisu, irin wanda ake gani a ƙofofin gilashi na ofisoshi a birni. Faifan ƙarfe ne da maganaɗisun lantarki ke riƙewa, ana rubuta ƙarfinsa a kwali, kilo 180 ko kilo 280 ko fiye. Mai sayarwa zai ce ka ja da iya ƙarfinka, ka ja, ya ƙi buɗewa, ranka ya biya. Abin da ya kamata ka sani shi ne wuta ce ke riƙe shi. Da zarar ta yanke, ƙofa ta saki. Mai kilo 280 yana shan kusan rabin amfiya dare da rana ba hutu. Batirin 12V 7Ah, irin ƙaramin nan na UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, awa 14 ke nan a lissafin takarda, a zahiri kuma ba ya kaiwa haka. Idan sola ke cajin batirin, hadari ya rufe rana kwana biyu a watan Agusta, shagonka ya kwana a buɗe kana gida kana barci. Ban ba kowa shawarar ya sa shi a ƙofar waje a ƙauye ba.

Wanda ya dace da mu shi ne makullin lantarki mai harshe, wanda ake ɗaurawa a bayan ƙofar ƙarfe ko get. Kana tura ƙofa ya kulle kansa. Ba ya shan wuta yana kulle, sai a daƙiƙar da ka danna rimot kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ja, harshen ya saki. Batir ya mutu, ƙofa tana nan a kulle. Yana zuwa da ɗan makulli na hannu ta waje, da maɓalli ko abin murɗawa ta ciki. Kamfanoni irin su CISA da Yale suna yin sa, akwai kuma na China kala-kala.

Akwai na uku, mai aiki da ƙananan batura irin na rediyo, wanda babu ko ramin makulli ta waje. Yana da kyau a ƙofar ɗaki, ko a matsayin ƙari a kan wani makullin. Kafin ka saya ka tambayi abin da yake yi idan batirinsa ya yi sanyi, domin wasu an yi su ne su buɗe kansu a lokacin. Masu karanta zanen yatsa kuwa, ƙurar hunturu da yatsan da fartanya ta cinye ba sa shiri da su. Masu buƙatar intanet ma a bar wa mutanen birni.

Mataki na uku: sayayya

Kayan wuta irin waɗannan a Kano ake samunsu cikin sauƙi, wajejen Sabon Gari da France Road, ƙarfe kuma a Ƙofar Ruwa. Kafin ka hau mota ka ɗauki hoton ƙofarka ciki da waje, ka lura ko dama take buɗewa ko hagu, ciki ko waje, saboda makullin yana da hannu. Abin da za ka haɗo: makullin, risiba mai 12V, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, da rimot biyu ko uku, batirin 12V 7Ah, farantin sola mai wat 20 ko 30 da ƙaramar kwanturola mai daidaita caji, fiyus mai amfiya 5 da gidansa, dayod 1N4007, waya mai kauri milimita 1.5, da bututun ƙarfe mai lanƙwasa wanda waya ke bi daga firam zuwa ƙyaure. Ka duba takardar makullin ka tabbata yana karɓar 12V na batir, don wasu an yi su ne don taransifoma.

Maganar rimot tana buƙatar natsuwa. Galibinsu a kan zangon rediyo na 433MHz suke aiki, amma ba ɗaya suke ba. Masu araha lamba guda suke aikawa kullum, kuma akwai rimot na kwafi da ake sayarwa wanda zai ɗauke lambar cikin daƙiƙu idan aka kusanta shi da naka aka danna. Yaron shago da ya riƙe rimot ɗinka minti biyu ya isa. Ka nemi mai sauya lamba a duk dannawa. Idan mai kaya bai gane ba, ku buɗe rimot ɗin ku karanta abin da ke jikin ƙwayar cikinsa: PT2262 da EV1527 lambarsu ba ta canzawa, HCS301 mai sauyawa ce. Kada ka biya sai an jona komai a kan teburin mai kaya ka ji ƙarar makullin da kunnenka.

Mataki na huɗu: ɗaura makullin

Ka ce wa mai walda, “Malam, kada wuta ta taɓa jikin makullin nan.” Zafin walda yana ƙona kwayil, yana kashe sifirin. Faranti zai like a jikin ƙyauren, a huda shi, a ɗaure makullin da noti ta ciki. Gidan da harshen ke shiga a daidaita shi da ƙofa a rufe, a bar ɗan tsakani kamar milimita 3 zuwa 5, gwargwadon abin da takardarsa ta ce. Idan ya matse, da rana ta take ƙarfe ya buɗa sai harshen ya cije, ka yi ta danna rimot yana ƙara ƙofa ba ta saki ba. Idan ya yi sako-sako kuma, ƙofar za ta riƙa wasa. Kan makullin da ya leƙo waje a kewaye shi da zoben ƙarfe mai kauri, ramin makullin kaɗai ya rage a fili. Duk aikin walda a gama shi kafin a jona ko da waya ɗaya.

Mataki na biyar: wayarin

A jikin risiba akwai wurin shigar wuta biyu, sannan wasu uku da aka rubuta COM da NO da NC. Jar waya ta fito daga batir, ta bi ta fiyus dab da kan batirin, sannan ta rabu biyu: reshe ɗaya ya ciyar da risiba, ɗaya ya shiga COM. Daga NO waya ta tafi makulli. Ɗaya wayar makullin ta koma baƙin kan batir. NC ba ruwanka da shi, na makullin maganaɗisu ne. Dayod ɗin a gicciya shi a kan wayoyin makullin biyu, ɓangarensa mai zobe yana kallon wayar da ta fito daga NO. Aikinsa shanye wutar da kwayil ke mayarwa baya duk sanda aka sake shi, wadda ita ce ke cinye risiba a hankali.

A saita risiba ta ba da wuta na daƙiƙa ɗaya kawai ta yanke. Idan aka bar ta a tsarin da dannawa ɗaya ke kunnawa sai an sake dannawa ta kashe, kwayil zai yi ta cin wuta har ya ƙone. 'Yar wayar da ke nannaɗe a jikin risiba eriya ce, tsawonta kusan santimita 17. A miƙe ta, kada a yanke, kada kuma a rufe risibar cikin akwatin ƙarfe. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne, ƙofar ƙarfe tana rage shi ƙwarai.

Batir, risiba da wayoyi duka a ciki, nesa da taga da duk inda hannu zai kai. Batirin a ajiye shi ƙasa-ƙasa a kan katako, ba a ƙarƙashin kwano ba, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajarta ransa. Risiba kaɗan take sha, cikakken batir yakan ɗauke ta makonni ko babu rana. Ko da wani ya sace farantin sola a kan rufi, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Ga wata dabara ga mai shago mai ƙofa ɗaya da ya zaɓi ya toshe ramin makullin waje gaba ɗaya. A fitar da wayoyi biyu ta wani lungu a ɓoye, waɗanda za a iya jona wa batirin babur idan na ciki ya mutu. Amma su tafi wurin shigar wutar risiba ta bayan wani dayod mai ƙarfi, kada su tafi makulli kai tsaye. Idan suka tafi makulli, duk mai batirin babur ya zama mai makullin shagonka. Idan suka bi ta risiba, sai da rimot.

Mataki na shida: gwaji, da rabon rimot

Gwajin farko da ƙofa a buɗe. Na biyu da mutum a ciki. Sannan a cire batir a gwada makullin hannu, a gwada buɗewa ta ciki. A sake gwadawa da tsakar rana da kuma da asuba, ƙarfe ba ya zama ɗaya a lokutan nan biyu.

Buɗewa ta ciki ba abin wasa ba ne. Idan ƙofar gida ce, ko shagon da yaro ke kwana, dole mutum ya iya fita da hannunsa cikin duhu ba tare da rimot ko wuta ba. A nuna wa uwargida, a nuna wa yara, a nuna wa tsohuwa, kowa ya gwada da kansa. Gobara ba ta jiran a nemo rimot, kuma babu kayan da suka kai ran mutum.

Rimot kuwa a san adadinsu da wanda ke riƙe da kowanne. Makullin hannu guda a ajiye a gida, ba a cikin shagon ba. Idan rimot ya ɓace, ko kun rabu da yaron shago, a jikin risiba akwai ɗan maɓalli da ke goge dukkan rimot ɗin da ta sani, sai ka sake shigar da waɗanda ke hannunka. Aikin minti biyar ne, ka sa mai wayarin ya koya maka tun ranar farko.

Mai yawan tafiye-tafiye, wanda Alhamis yana Maigatari Juma'a yana Wudil, zai iya ƙara na'urar da ake sa wa layin waya, irin RTU5024. Ka kira layin, ta duba ko lambarka tana cikin waɗanda aka shigar, ta katse kiran ta buɗe ƙofa. Tana zuwa da lambar sirri 1234, ka canza ta nan take. Ka sa layin da ya fi ƙarfi a garinku, kuma ka riƙa motsa shi da ɗan kati, saboda layin da ya daɗe a kwance kamfani yana rufe shi. Ita tana shan wuta fiye da risiba, don haka a ƙara girman batir.

Kulawa

Da hunturu ka riƙa share farantin sola duk mako, ƙura tana rage cajinsa sosai. Harshen makullin a goge shi da tsumma. Kada a ɗura baƙin mai a ramin makulli, yana haɗuwa da ƙura ya zama taɓo, garin bakin fensir ya fi. Idan ka ga sai ka matso dab da ƙofa rimot ke aiki, batirinsa ne ya yi sanyi, galibi 23A ne ko CR2032, ka buɗe ka duba lambar ka sayi biyu ka ajiye. Babban batirin kuma, idan makullin ya fara ƙara a raunane da asuba kafin rana ta fito, lokacin canza shi ya yi. Da damina a leƙa bututun da waya ke bi a gindin hinji, nan ne ruwa da lanƙwasawar yau da gobe suka fi cinye waya.