Yadda ake zaɓen babbar furosesa da saita ta a zafin Katsina

Gwaje-gwajen furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ake gani a YouTube galibi a ɗaki mai sanyi ake yin su, wanda bai wuce digiri 25 ba. A Katsina da Daura kuwa, cikin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma shagon da aka rufa da kwano ba iyakwandishan ba ya nesa da haka. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa za ta ƙara. Don haka a wurinmu saita furosesa yana nufin rage mata wuta da zafi yadda za ta yi aiki awa goma ba ta ja baya ba. Ƙure mata gudu wasan masu sanyi ne.

A fara da aikin da za a ba ta. Mai wasannin kwamfuta ya nemi Ryzen 7 9800X3D ta kamfanin AMD, ko ta gabanta 7800X3D. Ƙwayoyin aiki (cores, sassan da ke lissafi a cikin furosesa) takwas kacal gare su, amma suna da ma'ajiyar kusa (cache) mai girman 96MB, wadda wasanni ke amfana da ita fiye da yawan ƙwayoyi, ga shi ba sa shan wuta sosai. Mai tace bidiyo ko fitar da zanen gini mai nauyi shi ne ke buƙatar Ryzen 9 9950X mai ƙwayoyi 16, ko Core Ultra 9 285K ta Intel mai ƙwayoyi 24. Wanda aikinsa AutoCAD ne kawai kada ya ɓata kuɗinsa a kan waɗannan, domin yawancin zanen a kan ƙwaya ɗaya yake tafiya. Masu tace bidiyo da manhajar Premiere kuma su lura: furosesar Intel da sunanta ya ƙare da F ba ta da sashen hoto a ciki, ke nan babu Quick Sync da ke sauƙaƙa buɗe bidiyon H.264 da HEVC. Threadripper, babbar furosesar AMD ta manyan ayyuka, tana shan wat 350 kuma tana son nata bod (babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai) da nata ram (ma'ajiyar wucin gadi) na musamman. In ba kamfani ba ne mai tsayayyar wuta, a bar ta.

Kowace furosesa da mazauninta. Ryzen 7000 da 9000 suna zama a AM5, kuma DDR5 kaɗai suke karɓa. Core Ultra 200 tana zama a LGA1851, ba ta shiga bod ɗin LGA1700 na furosesocin Intel zubi na 12, 13 da 14. A duk mazaunan nan ukun allurorin a jikin bod suke, don haka a haska su da fitilar waya kafin a biya kuɗi, ko a Kano aka saya ko daga Legas aka aiko. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ramin ram guda na iya daina aiki. A kuma kunna na'urar a buɗe manhajar CPU-Z a ga sunan furosesar da ta nuna, domin rubutun da ke kan murfi ana iya sauya shi.

Akwai tarko a cikin kayan hannu. Manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da 14, irin su i9-13900K da i9-14900K, sun yi fama da matsalar wutar da ta wuce ƙima tana lalata su sannu a hankali. Kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS (manhajar da ke cikin bod) a 2024, mai lamba 0x129 sannan 0x12B, ya kuma ƙara shekara biyu a garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Idan aka kawo maka irinta da arha ba rasit, araha ba ta ado.

Sanyaya: babbar kula (na'urar sanyaya furosesa) ta iska mai hasumiya biyu da fanka biyu, ko ta ruwa mai tsawon milimita 360. Ta ruwa ta fi kwashe zafi, amma ran da famfonta ya mutu aiki ya tsaya sai an yi odar wani. Ta iska kuwa fanka ce kawai ke lalacewa, ita ko ana samu. A ɓare ledar da ke ƙasan kula kafin a ɗora ta. Mantawa da ita na daga cikin manyan dalilan da sabuwar na'ura ke kai digiri 95 da kunnawa. Man da ake shafawa tsakani kamar ƙwayar wake ya isa, a ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Sai wuta, inda mutane suka fi yin rowa. 9950X tana iya jan wat 200 ko fiye, katin hoto irin RTX 4080 ya ja 320, sauran kaya wajen 100. Fawa (akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta) mai wat 850 zuwa 1000 ta kamfanin da aka sani ita ce daidai. Tsakaninta da bango a sa UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke) mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta inbata mai kyau, kamar 1500VA, domin fawa ta zamani kan ɗauke idan aka ba ta gurguwar wutar ƙaramin UPS a daidai lokacin da NEPA ta tafi. Kada a taɓa sabunta BIOS a kan wutar janareta kai tsaye.

Yanzu saiti, kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Bayan sabunta BIOS, a kunna Windows ba tare da canza komai ba, a buɗe HWiNFO64 mai nuna zafi da wat, a gudanar da gwajin ƙarfi na Cinebench na minti goma, a rubuta maki, zafi da wat a takarda. Wannan shi ne ma'auni. A yi shi da azahar. Gwajin asuba a watan Janairu yaudara ce.

Daga nan ram. Sanda biyu, a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, wato A2 da B2. Sanda huɗu na DDR5 sukan tilasta a sauke gudu. A cikin BIOS a kunna EXPO a AMD ko XMP a Intel, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa. A AM5, DDR5-6000 mai CL30 shi ne inda aka fi samun zaman lafiya. Kunnawar farko allo na iya zama baƙi na mintuna, bod ne ke daidaita ram, kada a kashe. A duba wutar SoC, sashen furosesa mai kula da ram, kada ta wuce bolt 1.3, iyakar da AMD ta gindaya a 2023 bayan wasu furosesoci sun ƙone. Sannan a bar MemTest86, mai gwada ram, ya zagaya sau huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, a sauko zuwa 5600.

A AMD, Ryzen 7000 da 9000 an ƙera su ne su hau har digiri 95 da gangan muddin akwai wuta (ban da irin 7800X3D, mai iyakar digiri 89), saboda haka ganin lambar ba alamar lalacewa ba ce. Amma a ɗaki mai zafi tana isa can da wuri ta fara sauke gudu. Hanya mafi sauƙi ita ce Eco Mode na wat 105, wanda ke tsayar da shan wutar a 142. Makin Cinebench zai ragu kaɗan, zafi da ƙarar fanka su ragu sosai, batirin sola ma ya huta. Mai son ƙari ya shiga Precision Boost Overdrive, ya sa iyakar zafi a 85, ya buɗe Curve Optimizer, mai rage wutar da ake ba ƙwayoyi, ya zaɓi Negative a kan duk ƙwayoyi, ya fara da 10. Idan ta zauna lafiya ya ƙara 5. Kada a kwafi lambar wani, ko da furosesar iri ɗaya ce, kowace da halinta.

Ga inda ake ruɗewa: idan ragin ya yi yawa, na'urar kan ci gwaji mai nauyi lafiya lau, sai ta mutu ta tashi da kanta lokacin da ba a komai ko ana buɗe burauza. Dalili shi ne a ƙaramin aiki ne ƙwaya ɗaya ke hawa ƙololuwar gudu da wutar da ba ta ishe ta ba. Don haka bayan awa guda na gwaji da manhajar OCCT, a gudanar da manhajar CoreCycler cikin dare, yana gwada ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. A leƙa Event Viewer na Windows a nemi kuskuren WHEA, wato rahoton tuntuɓen kayan na'ura. In an gani, a rage lambar da 5 a kan ƙwayar da ta gaza.

A Intel, a zaɓi Intel Default Settings tukuna, domin wasu bod sukan cire iyakar wuta da kansu. 14900K iyakarta wat 253 ce, 285K kuma 250. A sauke PL1 da PL2, wato iyakokin shan wuta a BIOS, zuwa wajen wat 200, a sake gwajin, a kwatanta da abin da ke takarda.

Idan bayan wani saiti na'urar ta ƙi tashi, a zare wuta, a danna maɓallin Clear CMOS, ko a cire ƙaramin batirin bod na minti biyar, komai ya koma asali.

Ƙurar hunturu kan toshe ragar kula cikin 'yan makonni, saitin da ya zauna a Nuwamba ya fara zafi a Fabrairu. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a sa fankokin shigar da iska su fi na fitarwa yawa don kada ƙura ta riƙa shiga ta kowace kafa, a wanke tacen gaba duk mako biyu. Wajen hurawa da buluwa a riƙe fanka da yatsa kada ta juya, kuma a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa bod, domin busasshiyar iskar hunturu na tara wuta a jikin mutum.