Yadda za ka rage hayaƙin tsohuwar motarka kafin bizit teknik ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Yawancin motocin da ke yawo a Yamai sun daɗe suna aiki a Turai kafin su sauka tashar Kwatano ko Lome, sannan su zo su haɗu da ƙurarmu. Tawa ma haka take, tsohuwar Toyota ce. Shekarar farko da aka mayar da ni daga bizit, wato binciken lafiyar mota na hukuma, saboda hayaƙi, wani makanike ya ce sai an sauke injin. Da na bi maganarsa da na ci bashi, alhali gyaran da ta buƙata a wuni ɗaya aka gama. Shi ya sa nake cewa a fara da mai araha, kada a taɓa mai tsada sai an tabbatar.

Mataki na farko, duba launin hayaƙin. Sa wani ya taka totur, kai ka tsaya bayan mota. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Mai shuɗi-shuɗi da ƙauri yana nuna injin na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ruwan sanyaya inji ne ke shiga inda bai kamata ba. Wannan na ƙarshe ba shi da gajeriyar hanya, sai gyara na gaskiya.

Na biyu, filtar iska. Injin fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai ƙonewa mai kyau, ka ga ke nan iskar ita ce babban abincinsa. To a garin da hazon hunturu ke rufe rana, filta ba ta kai wa'adin da aka rubuta mata a littafin mota. Cire ta ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa takardar ba, ta toshe. Yaran garaji sun saba hure ta da iskar kwamfureso, amma iska mai ƙarfi tana yaga takardar, sai yashi ya riƙa wucewa kai tsaye cikin inji yana cin ringi. Saya sabuwa kawai. A duk abin da za ka saya, wannan ne kuɗin da ya fi biyan kansa.

Na uku, buji. A kwance su duka a jera bisa kwali yadda aka ciro su. Kan buji mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake, kamar shayi da madara. Wanda ya yi baƙi a bushe, mai ne ya yi yawa. Wanda ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa a wannan silindar. A canza su gaba ɗaya, a duba wayoyinsu ko akwai wadda ta tsage.

Sai bidanj, wato canjin baƙin mai. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da fetur da bai ƙone ba, tururinsa kuma yana komawa cikin inji. A yi shi da sabuwar filta 'yan kwanaki kafin bizit, kuma kada a cika ya wuce layin sama na sandar awo.

Ga wanda ya fi damuna: tamostat, 'yar na'urar da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cire ta da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In babu tamostat, yana daɗewa bai kai nan ba, musamman da safiyar sanyi, sai motar ta yi ta zuba mai fiye da kima. Ka biya kuɗin man, kuma ga hayaƙi. Tambayi makanikenka a mutunce: "Maigida, tamostat ɗin tana ciki kuwa?" In an cire, a mayar, a wanke lagireto, a tabbatar fanka na tashi.

Mai karbiratar, a wanke ta a daidaita sukurin mai da iska. Mai enjekta kuma, in fitilar inji na kunne a gaban direba, a sa kwamfuta a karanta laifin kafin a sayi komai. Sau da yawa na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa ce ta gaji. Goge laifin ba tare da gyara ba ɓata kuɗi ne, fitilar za ta dawo. A leƙa ƙarƙashi kuma, in salansa ta huje a yi mata walda. Katalizar, na'urar da ke rage gubar hayaƙi a jikin salansa, ita ce mai tsada, domin akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam a cikinta, shi ya sa ake kwashe ta a motoci da yawa kafin su iso hannunmu. Ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Sati guda kafin ranar, bar man ruwa-ruwa na kwalba, komai sauƙinsa, domin ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Sha a gidan mai. Mai gazuwal ya canza filtar gazuwal ma.

Ranar bizit kada ka fito daga gida ka miƙe layi da injin sanyi. Hau hanyar Doso ka yi tafiyar minti ashirin ko talatin da gudu mai kyau. Katalizar ba ta fara aiki sosai sai ta doshi digiri 300, a motar gazuwal kuma wannan gudun ke kakkaɓe baƙin da ya taru a salansa saboda cunkoson cikin gari. Da ka isa, in layinka ya kusa, bar injin a kunne har a zo kanka. In duk da haka ba ta wuce ba, karɓi takardar sakamakon ka kai wa makanike, ya ga abin da ya rage da idonsa.