Yadda za ka sa wa sunan shagonka farashi, ka kuma tsare shi

In an tashi sayar da shago ko rabon gado, abin da ido ke gani kawai ake ƙirgawa: kaya, kanta, firji, janareta. Suna, da kwastomomin da suka saba, da sirrin haɗi, da amanar da ta sa dila ke ba ka kaya bashi, duk sai su tafi a kyauta. Aikina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi ne, kuma wannan asara tana ci mini rai. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19, alhali ma'aikatansa ba su kai 60 ba. Mutum miliyan 450 da ke amfani da manhajar su ne hajar da aka saya.

Ga yadda nake lissafin. A ce kilishi kake sayarwa. Fitar da ribar shekara, bayan ka cire wa kanka albashi, domin guminka ba riba ba ne. Mu ƙaddara ta kai naira miliyan 5. Sai ka duba abin da sabon shiga mai jari irin naka zai samu a layinku, misali miliyan 2. Miliyan 3 ɗin da ke tsakani, sunanka ne ya kawo su. Ninka su da shekarun da kwastoma zai ci gaba da zuwa ko ba ka zaune a shagon. Ni ba na wuce 2 ko 3. Amma fa in babu littafin ciniki na kullum, mai saye ba zai yarda da maganar baki ba, kuma yana da gaskiya.

Wajen tsarewa ne aka fi yin sakaci. Da yawa sun ɗauka takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar. Ita sunan kasuwanci kawai ta yi wa rajista. Tambarin da ke jikin ledarka kuwa, sai ka kai shi ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ana yin rajistar ne bisa rukunin haja, rukuni 45 ne, nama yana na 29, kayan yaji na 30.

Layin wayar da ake yin oda ya zama da sunanka aka yi masa rajista, haka ma asusun banki. Yaron shago na iya tafiya da kwastomominka kaf a aljihu, ba tare da ya ɗauki ko tsinke ba.

Sirrin haɗi kuma, kada ka bar shi a kanka kai kaɗai, rai ba a hannunmu yake ba. Rubuta ma'aunin kowane abu, ka adana, ka koya wa mutum ɗaya cikin iyalinka. Ma'aikacin da ya zama dole ya sani, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu tun kafin ka nuna masa.