Yadda Ake Haɗa Rauta Mai Sim a Gida Ko Shago a Ƙauye

Mai POS a Ringim, mai kemis a Dambatta, malamin da ke cike wa ɗalibai fom a Gumel, uwargidan da ke tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp daga cikin ɗaki, duk sun san wahalar raba intanet daga waya. Wayar ta ɗau zafi, caji ya zube, in mai ita ya tafi masallaci ko kasuwa intanet ɗin ya bi shi. Rauta ce maganin wannan. A ƙauyukanmu ba a jawo wayar intanet har gida, don haka rautar da za ta yi mana aiki ita ce mai cin sim, wadda ke ɗauko sabis daga ƙarfen sabis ta raba wa wayoyi da kwamfutoci ta waifai.

Sai dai ka riƙe wannan tun kafin ka taɓa aljihunka: rauta ba ta ƙirƙirar sabis. Kamar mai rabon tuwo take, abin da ke cikin tukunya shi za ta kwasa. Na fi damuwa da wannan a kan duk saitin da zai biyo baya, domin kuɗin rauta ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin karkara, kuma yawancin waɗanda ke cewa an sayar musu da jabu, tun farko layin da ba shi da ƙarfi a garinsu suka saka mata.

Fara da gwada sabis, ba da saye ba

Ka ari layukan MTN, Airtel, Glo da T2 (wanda a da ake kira 9mobile) a wurin 'yan uwa da maƙwabta, ka saka su ɗaya bayan ɗaya a waya guda, a daidai ɗakin ko shagon da rautar za ta zauna. Kada sandunan sabis da ke saman waya su ruɗe ka. Dubi harafin da ke gefensu: 4G ko LTE shi ake nema, H ko 3G a lallaɓa, E kuwa ba zai ɗauki shago ba. Buɗe bidiyo ka ga ko yana tafiya ba tsayawa. Ka gwada da hantsi, ka sake gwadawa bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau waya, sannan in garinku na da kasuwar mako ka gwada ranar kasuwa, domin ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da duk baƙin da suka cika gari. Layin da ya jure waɗannan lokutan shi ne naka, ko da ba shi ka saba kira da shi ba.

Wajen saye, a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko a ofishin kamfanin layi, za ka tarar da iri biyu. Akwai wadda kamfani ya kulle, ba ta cin sim ɗin kowa sai nasa. Ta fi araha, wani lokaci har da kyautar data. Akwai kuma buɗaɗɗiya mai cin kowane layi. Ni dai ga ɗan ƙauye buɗaɗɗiyar nake zaɓa, saboda ranar da ƙarfen sabis ɗin kamfani ɗaya ya mutu sai ka canza sim ka ci gaba da sana'a. Ka duba bayanta ko tana da ramukan ɗaura eriya ta waje guda biyu. Ka kuma karanta jikin kwali ka ga tana kama B20 da B28, wato zangon sabis na 800MHz da 700MHz. Waɗannan ƙananan zanguna su ne ke tafiya nesa, su ke isa ƙauyen da ke da tazara da ƙarfen sabis. Kada ka biya kuɗi sai mai shago ya kunna ta da sim ɗinka a gabanka.

Sim ɗin ya zama da sunanka aka yi rajistarsa, an haɗa shi da lambar NIN ɗinka, kamar yadda hukumar NCC ta wajabta tun Disamban 2020. Wanda aka yi wa rajista da sunan wani, ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana. In akwai lambar PIN a kansa, cire ta a waya tukuna.

Mazauninta

Nan ne ake yin asara ba a sani ba. Rufin kwano yana tare sabis, katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi, haka ƙofar ƙarfe da firji. Mutum ya ajiye rauta a ƙasan kanta, bayan katon ɗin lemo, sannan ya ce ba ta da ƙarfi. A ɗaga ta sama, a kafa mata ɗan katako kusa da tagar da ke kallon ɓangaren da ƙarfen sabis yake, amma ban da inda rana za ta doke ta, ban da kuma manne ta da kwanon rufi. Yawancin rautoci an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa muna haura hakan. Rautar da ta yi zafi sai ta riƙa rage gudu ko ta kashe kanta. Kada a rufe ta da ƙyalle don gudun ƙura, ta ramukan jikinta take shan iska.

In gida ne mai sassa da yawa, a nemi ɗakin da ke tsakiya. Waifai na ratsa bango ɗaya ko biyu, amma kada ka sa ran daga zaure zai kai ɗakin ƙurya ta cikin katangu huɗu.

Wuta

Juya rautar ka karanta abin da ke rubuce: galibi 12V ne, da 1A ko 2A. Cajarta kawai za ka yi amfani da ita, ko wata mai lambobi iri ɗaya. Cajar kwamfuta mai 19V ko da bakinta ya shiga, ƙona ta za ta yi.

Abin daɗin shi ne ba ta da ci. Rauta ta gida ba ta cika wuce wat 10 ba, wato kusan wat-awa 240 a yini da kwana. Batirin sola mai 12V da 100Ah, ko rabinsa kawai ka ja, zai riƙe ta kwana biyu. Don haka kunna inbata saboda rauta kaɗai ɓarna ce, wata inbatar abin da take ci a zaune ya fi na rautar. Gara a sa mai haɗa sola ya jawo mata layi daga batir ta cikin ɗan abin daidaita wuta, domin batir idan yana caji yakan haura 14V. A kula da jar waya da baƙa, in aka juya su an gama da ita. Akwai kuma ƙaramin batir na rauta da ake kira mini UPS, da igiyar da ke ɗaga 5V na fawabank zuwa 12V. Duk suna raba ka da mutuwar intanet a tsakiyar tura wa mutum kuɗi idan an ɗauke wuta.

Kunnawa da shiga cikinta

Saka sim tana kashe, ka bi hoton da ke bakin ramin. In bai shiga ba kada ka danna da ƙarfi, ƙananan ƙarafan ciki saurin lanƙwashewa gare su. Kunna, ka ba ta minti biyu fitilunta su daidaita.

A ƙasanta ko bayanta akwai 'yar takarda manne. Ɗauki hotonta da waya. A jiki za ka ga sunan waifai, inda aka rubuta SSID, da kalmar sirrinsa, da adireshin shiga, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Kashe datar wayarka, kunna waifai, zaɓi sunan, saka kalmar sirrin. Sai ka buɗe Chrome ka rubuta lambobin nan a can sama wurin adireshi, da ɗigonsu daidai. Shafi zai buɗe ya nemi suna da kalmar shiga, sau da yawa admin ne duka biyun, in ba haka ba yana jikin takardar. Wannan shafin a cikin rautar yake, ko babu data zai buɗe.

In waifai ya kama amma intanet ya ƙi, alhali akwai data a sim, nemi inda aka rubuta APN a shafin rautar, wato adireshin da sim ke bi ya shiga intanet. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. Yawanci da kanta take cikewa.

Yanzu ka nemi shafin bayanin sabis ka duba lambar RSRP, wadda ke nuna yawan sabis ɗin da rautar ke samu. Tana zuwa da alamar ragi a gaba, kuma wadda ta fi kusa da sifiri ta fi kyau: -85 lafiya lau, -100 da dama-dama, daga -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ka sa yaro ya riƙa matsar da rautar daga wannan taga zuwa waccan, kai kana kallon lambar, kana jira kaɗan a kowane wuri. Matsi na taku biyu kan canza ta sosai. In duk ɗakin bai ba da mai kyau ba, a sayi eriya ta waje a ɗaura a kan dogon ƙarfe ta haura rufi, a fuskantar da ita ga ƙarfen sabis, kuma igiyarta kada ta yi tsawon da ya wuce buƙata, don sabis na raguwa a cikinta.

In tana yawan faɗawa 3G alhali akwai 4G, je Network Mode ka zaɓi 4G Only. Mutanen Maigatari, Babura da sauran garuruwan bakin iyaka, ku kashe Roaming, ku zaɓi kamfaninku da hannu, kada ta riƙa laluben sabis ɗin Nijar.

Makullai biyu

Kalmar sirri biyu ce, kuma mutane na haɗa su. Ɗaya ta shiga shafin saiti, ɗaya ta hawa waifai. Wanda ya canza ta waifai ya bar admin yadda take, duk yaron da ya taɓa hawa zai iya shiga ya ga komai, har ya canza. Fara da ta admin, a ƙarƙashin System ko Management, kuma kai kaɗai za ka san ta.

Sannan ka je WLAN ko Wi-Fi Settings. Canza sunan, amma kada ka sa sunanka ko lambar wayarka. A wurin tsaro zaɓi WPA2-PSK, ko WPA2/WPA3 in akwai. Kada ka zaɓi WEP, tsohon yayi ne da ake fasawa cikin mintuna, kada kuma ka bar shi Open. Kalmar sirri ba ta gaza harafi 8, amma ka kai ta 12 ko fiye. Lambar wayarka, sunan ɗanka na fari, 12345678, duk nan samarin unguwa ke fara gwadawa. Haɗa kalmomin Hausa uku da ba ruwan wata da wata, ka cusa lamba a tsakani, irin Rakumi47TagaGero, amma ka ƙirƙiri taka. Guji ƙ, ɗ da ɓ, wasu na'urorin ba sa karɓarsu. Kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Da ka danna Save wayarka za ta sauka daga waifai, ba lalacewa ba ce, nemi sabon sunan ka sake hawa. Rubuta kalmomin biyu a takarda ka adana inda kake ajiye takardun gona.

In ka ga 2.4GHz da 5GHz, na farkon ya fi zuwa nesa da ratsa bango, na biyun ya fi gudu a kusa. Wannan 5GHz ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba.

Inda data ke zurarewa

Waya na ɗaukar duk waifai a matsayin kyauta. Da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji, ta tura hotuna ajiya, ta sauke duk bidiyon da aka watsa a zaurukan WhatsApp. Wayoyi biyar su yi haka a dare ɗaya, da safe maigida ya ce kamfani ya sace masa data. A kowace wayar Android, shiga bayanin waifai ɗin ka mayar da shi Metered, wato mai data a ƙididdige, a Play Store ka hana sabuntawa da kanta, a WhatsApp ka cire saukar bidiyo ta waifai. Kwamfuta mai Windows ita ce uwar ci, kunna mata Metered connection. A shafin rautar ma akwai wurin sa iyakar data na wata. Lambar duba ragowar data a duk layuka ita ce *323#, ta saye *312#, kuma rautoci da yawa na da wurin danna su da karanta saƙo a shafinsu. In lambar ta ƙi tafiya, mayar da Network Mode daga 4G Only zuwa Auto na ɗan lokaci.

Saura maganar jama'a, wadda ta fi saiti wuya. Maƙwabci zai yi sallama ya ce, “Alhaji, a ɗan sa min na tura saƙo.” Ƙanenka zai ce, “Yaya, ni kaɗai ne wallahi.” Hanawa ba daɗi a garin da kowa ɗan uwan kowa ne, kuma ba na ganin ya kamata a hana mai buƙata ta gaskiya. Amma daga Android 10 zuwa sama, duk wanda ya hau yana iya nuna wa abokinsa hoton QR shi ma ya hau, ko da kai ka karɓi wayar ka rubuta da hannunka. Hanya mai mutunci ita ce ka buɗe Guest Network, waifai na baƙi mai kalmar sirrinsa daban, ka kunna idan an roƙa, ka kashe idan an gama. Na shago kuwa, wanda POS da kwamfuta ke kai, ka kulle shi da MAC Filter, ka zaɓi Allow ko Whitelist, ta yadda sai na'urar da ka rubuta ce za ta hau. Fara saka wayarka a jerin kafin ka adana, in ba haka ba kai ma za ta rufe maka ƙofa. Lokaci-lokaci ka leƙa Connected Devices ka ƙirga, in baƙi sun fi 'yan gida ka canza kalmar sirri.

Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, zare ta daga wuta ka kwance igiyar eriyar waje. Da hunturu ka riƙa share ramukanta da busasshen burushi. In ta rikice, kashe ta ka ƙirga talatin ka kunna, yawancin matsala a nan take ƙarewa. In kuma ka manta kalmar admin, akwai ɗan rami da aka rubuta Reset: sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa goma tana kunne. Za ta koma yadda ta fito daga kwali, da suna da kalmar sirrin da ke jikin takardar nan, sai ka sake canza makullan biyu kafin kowa ya hau.